Rawar da Waya Ta Haɗiye

A Kurfi, idan gida ya tashi yin biki ko suna, bayan mai lalle da masu tuƙa tuwo, Muhsina ake aika wa. Bidiyo take ɗauka da waya, a can cikin gida inda mata ke ajiye mayafi su saki jiki. Maza masu kyamara iyakarsu zaure, ita kuwa har ƙuryar ɗaki take shiga. Dalilin da ya sa aka yarda da ita ɗaya ne: duk abin da ta ɗauka, uwar biki kaɗai take ba, sannan ta goge shi daga wayarta a gaban idonta. Ba a taɓa ganin matar wani tana juyi a wayar samarin tasha ta dalilin Muhsina ba. Shi ya sa a gidaje da yawa, da zarar ta yi sallama sai a yi shela cewa kowace mace ta mayar da wayarta jaka, ta Muhsina kaɗai za ta tashi.

Ita wayar ce dai ta tsufa. Mijinta Malam Sa'idu, malamin firamare, shi ya saya mata ita ta hannu tun farkon aurensu, kuma tun daga lokacin take aiki ba hutu. Yanzu in an buɗe kyamara sai ta yi jim kamar mai tuna mafarki kafin ta nuna hoto. In ɗauka ta yi tsawo sai bayanta ya yi zafi kamar murfin tukunya. Muhsina ta san halinta kamar yadda uwa ke sanin halin ɗanta mai rigima. Kafin kowane taro sai ta share duk wani abu da ke ciki, ta kai ta wurin mai caji ta cika taf, ta kuma riƙa ɗauka guntu-guntu don kada ta gaji.

Ana cikin zafin bazara saƙo ya zo daga ƙauyen Kuki cewa Larai ta sauka lafiya, an samu mace. Larai ɗiyar yayar mahaifiyar Muhsina ce. Ta yi shekaru a gidan mijinta Hadi ba ko ɓari, har dangi sun gaji da tambaya sun koma yi mata addu'a a ɓoye. Sai ga haihuwa ta zo a lokacin da shi Hadi, direban babbar mota, ke kwance a wani asibiti can kudu da karaya a cinya, bayan motarsa ta kife da lodin albasa. Ba shi da halin zuwa suna. Da kansa ya kira Muhsina, muryarsa tana yankewa.

"Ƙanwata, ke ce idona ranar nan. Komai ki ɗauko mani. Musamman Inna. Kin san ta yi alwashi."

Duk Kuki an san alwashin. Inna Kulu, mahaifiyar Hadi, ta daɗe da cewa ranar da Allah ya nuna mata ɗan Hadi, sai ta yi rawa a tsakar gida ko da gwiwoyinta za su tsinke. Ga shi kuwa ta kai shekarun da ko banɗaki sai da sanda take zuwa.

"Kada ka damu, Yaya Hadi," in ji Muhsina. "Kamar kana wurin za ka gani."

Ranar suna ta yi sammako, ta hau motar Dutsin-Ma, daga can ta hau babur zuwa Kuki. Ta tarar maza sun riga sun raɗa suna sun watse, jaririya ta ci suna Aisha Humaira. Tsakar gida cike da mata, an kafa tukwane a gindin bango, hayaƙi na tashi, an jera ƙore a kife cikin ruwa ana jiran masu kiɗa. Wata gwaggon Hadi ta hau turmi ta yi shela: yau babu mai ɗaga waya sai baƙuwar Kurfi. 'Yan matan da ke da wayoyin hoto suka tura baki, suka mayar da su jaka.

Muhsina ta shiga aiki. Ta ɗauki Larai zaune a bakin gado cikin sabuwar atamfa, fuskarta ta yi fayau da wankan jego, tana murmushi tana share ƙwalla. Ta ɗauki tafin ƙafar jaririya, ta ɗauki ragon suna a rataye, ta ɗauki kwanonin barka. Duk guntu-guntu. In ta ji wayar ta ɗumama sai ta kashe fuskarta ta sa ta a inuwa.

Bayan azahar kiɗan ƙwarya ya kankama. Mata suka yi da'ira, ana shiga ana fita, ana guɗa. Inna Kulu na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafafu, ba ta tashi ba, har wasu suka fara raɗa cewa tsohuwa ta ji tsoron gwiwarta. Can sai ta ɗaga hannu.

"Ku miƙo mani ƙawata."

Aka kawo mata jaririyar. Ta dube ta ta dube ta, sannan ta ce a goya mata ita. Aka goya, aka ɗaure da majanyi. Mata biyu suka kama ta ta miƙe. Muhsina ta danna ɗauka, ta matso.

Inna Kulu ta tako da sanda har tsakiyar fili. Masu kiɗa suka sassauta hannu don su yi daidai da takunta. Ta girgiza kafaɗa ɗaya, ta girgiza ɗaya, sai kawai ta yi jifa da sandar. Gida ya ɗauki guɗa. Tsohuwar nan ta duƙa, ta taso, ta juya, tana kiran sunan ɗanta tana yi masa kirari irin na yarinta, tana cewa yau maƙiya sun ga abin da Allah ya iya. Larai ta fito ƙofar ɗaki ta toshe baki da gefen zane tana kuka. Tsofaffin da suka yi 'yanmatanci da Inna Kulu suka faɗa fili suka kewaye ta.

Muhsina ta san ɗaukar ta yi tsawo. Yatsunta na jin zafin wayar, amma wa zai yanke a irin wannan wuri? Ta cije leɓe tana cewa a ranta, yi haƙuri, saura kaɗan. Sai ta lura hoton da ke fuskar wayar ya tsaya. A fili Inna Kulu tana juyi, a waya kuwa ta ƙame da hannu ɗaya a sama. Ta danna wurin tsayarwa, shiru. Ta sake dannawa, ta buga gefen wayar da tafin hannu. Alamar batir da ta bari a rabi ta koma ja, fuskar ta yi baƙi.

Ba ta sauke hannu ba. Haka ta ci gaba da riƙe matacciyar waya a sama har aka gama rawar aka kwantar da Inna Kulu tana haki tana dariya, don ba ta san da wane ido za ta dubi matan ba in ta sauke. Da aka tambaye ta ko ta samu, ta ce ai sai an je gida an duba. Ta yi sallama da wuri, da hujjar hanya, don yanzu babu mai son magariba ta riske shi tsakanin ƙauyukan nan.

A gida, da waya ta sha caji ta farfaɗo, duk guntayen safe suna nan lafiya. Na rawar ma yana nan, ga shi baƙi wuluk a jere da sauran. In ta taɓa shi sai wayar ta ce ba za a iya buɗewa ba. Ta taɓa ya fi a ƙirga. Malam Sa'idu ya karɓa ya gwada, ya kashe ya kunna, ya miƙo mata.

"Ki kira Abdullatif. Ba karatun da yake yi ke nan ba?"

Abdullatif ƙanenta ne, yana karatun kwamfuta a jami'a a Dutsin-Ma. Da ta gaya masa, abin da ya fara cewa shi ne, "Yaya, ai na daɗe ina faɗa maki wayar nan ta gama yayi." Ta ce ba wa'azi ta kira shi ya yi mata ba. Ya ce to ta shigo gobe, akwai wani mai gyara a bakin kasuwa, Zubair, in dai abu na fitowa shi zai fitar da shi.

Shagon Zubair ɗan ƙarami ne, rabinsa teburi ne cike da gawarwakin wayoyi, ga fitila mai gilashin ƙara girma, ga ƙaramar fanka da sola ke juyawa. Mutum ne mai sanyin magana, da furfura jefi-jefi a gemu. Ya ba ta benci, ya haɗa wayar da kwamfutarsa, ya yi ta latse-latse. Muhsina ta zuba wa bayansa ido. A waje 'yan acaba na ta hon, mai rake na kiran ciniki, zufa na bin bayanta.

Da aka jima ya ce, "Hajiya, zo ki gani. Ga iya abin da na ceto."

Ta miƙe da sauri. A fuskar kwamfuta ga ƙafafun Inna Kulu, ga bakin zanenta, ga kiɗa yana fita rau. Ga sanda ta faɗo ƙasa ta yi tsalle. Daga nan hoton ya farfashe ya koma dabbare-dabbaren kore da shuɗi, kiɗan ya koma ƙara kamar ana yaga buhu, sannan komai ya ɗauke.

"Sauran fa?"

"Babu saura."

"Malam Zubair, ai ga shi can yana nuna yana da nauyi. Abu na ciki."

"Nauyi kam akwai, amma shara ce." Ya jawo fanel ɗin wata matacciyar waya, wato koren allon da kayan cikin waya ke manne a kai, ya nuna mata wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu da bai kai farcen babban yatsa ba. "Kin ga wannan? Ita ce memorin ciki, nan waya ke ajiye komai. Kyamara na zubo hoto, ita tana rubutawa. Taki irin ta da ce, dama can ba ta da sauri, ga shi ta gaji. Kin yi shekaru kina cika ta kina sharewa, kuma kowane rubutu yana cin ta kaɗan-kaɗan. Rannan hoto ya yi ta zubowa ta kasa kamawa, ta yi zafi, batir shi ma ya tsufa ya saki. Abin da ta rubuta a lokacin, ita kanta ba ta iya karanta shi."

"Ai shi nake faɗa mata," in ji Abdullatif, ya matso da kujerarsa. "Malam Zubair, ka ga labarin sababbin memorin da aka fito da su? Hawa-hawa ake gina su ciki kamar bene. Kafin ka ƙifta ido sun rubuce bidiyo sun koma barci, shi ya sa ba su shan wuta."

"Na gani. Akwai wani yaro da ya kawo mani waya mai irin ta, in sa mata gilashi. Wallahi na riƙe ta tana ɗauka, ko ɗumi babu."

"Kuma wai wadda ke tafe ta fi wannan. Sun ce saurin zai..."

Suka dulmiya. Wannan ya kawo suna mai haruffa da lambobi, wancan ya kawo wanda ya fi shi. Abdullatif har da zaro wayarsa yana nuna wa Zubair hoton abin a kan yatsan wani bature. Fuskokinsu sun washe kamar waɗanda aka yi wa albishir da kujerar Makka. Muhsina na tsaye a tsakaninsu, jaka a hammata.

"To tunda akwai ta," ta katse su, "a cire wannan a sa mani sabuwar."

Zubair ya yi murmushi, ya girgiza kai. "Ba ta shiga, Hajiya. Da dalma aka like ta tun daga kamfani. Ko na ɓamɓare, ƙafafunsu ba ɗaya ba ne, kuma injin wayarki bai san yarenta ba. Sai dai waya sukutum."

"Nawa take, mai irin wannan?"

Ya faɗa. Ta ɗauka kuɗin sayen sabon babur yake faɗa, sai da ya maimaita.

"To me ya amfane ni?" Muryarta ta tashi har mai shagon kusa ya leƙo. "Tun ɗazu kuna ta yabon abu, ana gina shi kamar bene, ba ya zafi, ba ya shan wuta. Su da ke da wuta dare da rana aka yi wa wadda ba ta shan wuta. Ni da nake bin layi wurin mai caji, ni ce mai riƙe da wadda ke shanye batir. Mutum na kwance da karyayyar ƙafa yana jiran ya ga uwarshi, ku kuna mani labarin wadda ke tafe!"

Abdullatif ya sunkuyar da kai yana murza wayarsa. Zubair ya zare igiyar, ya miƙa mata tata da hannu biyu, ya ce Allah ya ba da haƙuri, ba sai ta ba da komai ba. Wannan ma ya ƙara mata haushi, don ta so a ce akwai wanda za ta yi faɗa da shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba ta ji daɗinsu ba. Hadi na kira tana ƙin ɗauka. Ta tura masa guntayen safe, ya turo saƙon murya yana godiya, a ƙarshe ya ce, "Saura na Inna." Rannan sai ga Abdullatif ya zo Kurfi da kansa, ya zaro wata waya daga aljihu a naɗe cikin hankici, siririya, baƙa, mai sheƙi.

"Ta abokina ce, Abdulmumin, ɗakinmu ɗaya. Babanshi ya sayo mashi. Na roƙe shi aron wuni guda. Irin mai sabuwar memorin ce. Ki koma Kuki a sake."

"A sake me?"

"Rawar mana. Ba ga Inna Kulu nan da ranta ba?"

Ta so ta ce masa ihu ne bayan hari. Amma ba ta da wata dabarar da ta fi wannan, don haka ta karɓa.

A Kuki ta sami Larai a ɗaki tana shayarwa. Muhsina ta zauna a bakin gado ta faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan, ba ta rage komai ba. Larai ba ta ɗago ba. Ta gyara wa jaririya kwanciya.

"Da ba a hana yaran nan ɗauka ba," ta ce a hankali, "da yanzu ko a wurin ɗaya an samu."

Ba da faɗa ta faɗa ba, kuma gaskiya ce. Muhsina ta ji da ma marinta ta yi.

Labari ya zaga maƙwabta. Matan kirki ne, nan da nan suka ce ai abu mai sauƙi ne. Waɗanda ke kusa suka sako ankon suna, aka nemo masu kiɗa biyu daga cikin na rannan, aka kife ƙore a ruwa. Muhsina ta ɗaga wayar aro. Tana taɓa kyamara ta buɗe, tun kafin ta janye yatsa. Hoton ya fito tar, har zaren da ke jikin mayafi ana gani. Rana na dukan ta, amma bayanta sanyi ƙalau kamar ba aiki take ba.

Sai dai abin ɗauka ne babu. Mata sun tsaya a da'ira suna kallon waya suna kallon juna. Wadda ta shiga fili sai ta yi taku biyu ta fashe da dariya ta fice. Guɗar da aka yi ta fito siririya kamar ta wadda aka tilasta. Wata akuya ta ratsa ta tsakiya. Ita kuwa Inna Kulu, tun ranar suna gwiwoyinta suka kumbura, an shafa musu magani an ɗaure da tsumma. Da ƙyar aka fito da ita ƙofar ɗaki aka jingina ta da bango.

"Inna," in ji Muhsina, ta durƙusa a gabanta, "ko kafaɗa ce ki ɗan motsa, daga zaune. Don Yaya Hadi."

Tsohuwar ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ɗiyar nan, alwashi ɗaya na yi, kuma na cika. Allah ya gani, mutanen Kuki sun gani. Ban yi alwashin biyu ba."

"Wayar ce ta..."

"Na ji. Wai ta yi zafi. Ni da na yi rawar ban yi zafi na mutu ba, sai ita da ke kallo?"

Matan suka kwashe da dariya, ta gaske wannan karon. Muhsina ba ta yi ba. Idanunta sun cika, ta miƙe za ta kashe ɗaukar, sai Inna Kulu ta nuna wayar da baki.

"Halan yanzu yana jina a cikin abin nan?"

"Zai ji, Inna, in na tura mashi."

"To riƙe da kyau." Ta gyara zama, ta tsare wayar da ido. "Hadi! Kai Hadi! Ka ga abin da gudu ya jawo maka ko? Tun kana tura gare-gare nake ce maka ka riƙa tafiya a hankali. Ga shi an yi sunan ɗiyarka kana can kana kallon silin."

Daga nan ba ta tsaya ba. Ta ba shi labarin rawar da bakinta, yadda ta yar da sanda, da wadda ta fara guɗa, da wadda ta taka mata ƙafa. Matan suna gyara mata tana musu tsawa. Ta ce a kawo ƙawarta, ta ɗaga ta saitin waya, ta nuna masa kunnuwan ta ce nasa ne sak, Allah ya sa dai kada ta ɗauko rashin jinsa. Ta koma kan ranar da aka haife shi, da irin ruwan da aka yi a shekarar. A tsakiyar wannan muryarta ta karye, ta ce ya dawo gida haka nan, ko da rarrafe ne, tana son ta gan shi. Ta share ido da bayan hannu, ta ce a kashe abin nan ya isa.

Duk tsawon wannan lokaci wayar ba ta ko tari ba. Muhsina ta duba batir, da ƙyar ya motsa. Ta tsaya tana kallon ta a tafin hannunta cikin takaici. Da wannan ce a hannunta ranar suna, da tuni an wuce wurin.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. Bidiyon ya yi nauyin da sabis ɗin Kuki ya kasa ɗagawa. Ta dawo Dutsin-Ma ta tsaya a bakin titi inda sabis ke da ƙarfi, datarta ta ƙare kafin ya kai rabi, ta sake sayen wata. Da ya isa, Hadi ya kira ya ce wayarsa ta ƙi buɗewa, in ta buɗe ma sai murya ta yi gaba hoto ya tsaya. Tasa ma tsohuwa ce. Dole Muhsina ta koma shagon da ta yi tsawa a ciki, ta gaida Zubair da ƙaramar murya. Bai nuna ya tuna komai ba. Ya matse bidiyon a kwamfuta har ya koma ɗan ƙarami, hoton nan mai kyau ya dushe, fuskar Inna Kulu ta zama kamar ana hangen ta ta cikin labule. Shi ne ya tafi, shi ne ya buɗe.

Tana nan zaune a bencin shagon Hadi ya sake kira. Ya ce ya kalla, har na gadon kusa da shi ya kalla, sun yi dariya har ma'aikaciyar jinya ta zo ta yi musu magana. Ya yi godiya, ya sa albarka. Sannan ya tambaye ta.

"Amma dai da gaske ta yar da sandar?"

"Ta yar, Yaya Hadi."

"Ta juya kuma? Da goyo?"

"Ta juya."

"Allah sarki," ya ce. "Na so in gani."

Abdullatif ya zo karɓar wayar abokinsa tun kafin la'asar, don mai ita ya fara kira. Muhsina ta tura wa Larai nata, ta goge komai daga wayar aron, ta sa Zubair ya duba ya tabbatar babu abin da ya rage, ta goge fuskar da gefen hijabinta ta miƙa. Abdullatif ya buɗe baki zai ce wani abu game da yadda irin waɗannan ke yin sauƙi in an kwana biyu, ya ga fuskarta, ya haɗiye.

A motar Kurfi an matse ta tsakanin taga da wata dattijuwa mai kwandon tumatir. Sun bar gari ke nan wayarta ta hau ruri. Hajiya Uwa ce, wadda za ta aurar da ɗiya a ƙarshen wata, tun kwanaki ta ce za ta kira su tsayar da magana. Muhsina ta ja yatsa a kan fuskar wayar don ta amsa. Alamar ba ta motsa ba. Ta sake ja, ta goge yatsan a hijabi ta kuma ja. Wayar na ta kuka, sunan Hajiya Uwa na tsaye a kai. Kiran ya yanke, ya sake shigowa. Na gaban mota suka fara waiwaye.

"Baiwar Allah," in ji mai tumatir, "ki ɗauka mana, ko mai kiran ya huta."

"Ɗauka nake yi, Inna," in ji Muhsina.

Ta ci gaba da jan yatsa, motar na tsalle a ramuka, wayar na ruri a hannunta har suka wuce gonakin bakin hanya.